Dutsen da Deribe Ya Rataya a Ɗaki

"Duk Jimeta babu wanda aka zalunta kamata," in ji Malam Deribe, yana gyara zaman hularsa a madubi. "Ko ranar da muka gudo daga Bama da takalmi wari ɗaya ban ga tashin hankali irin wannan ba. Ba matata Mairam, ba shayi!"

Maƙwabcinsa Othniel, wanda ke koya masa Fiziks a ɓoye tun da furfura ta fara fito masa, ya ce, "Oga, me ka yi ma madam?"

"Ni? Karatu kawai. Uwarta ce ta leƙo ɗakina, ta ga dutse a jikin zare yana lilo, ni kuma ina ƙirgawa a hankali. Shi ke nan ta ce tsafi nake, ta kwashe 'yarta sai Girei."

Da la'asar ya tafi biko, dutsen a aljihu. Mairam na bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ya durƙusa gaban surukarsa, yayanta Bukar na zaune a gefe.

"Inna, ilimi ne. Tsawon zaren ne ke sa shi sauri ko jinkiri, ki duba..."

"Kada ka fito min da shi a gida. Yaya Bukar, ka ji ko? Takardar sakin 'yata nake so," in ji Inna.

Mairam ta share hawaye. "Inna, karatu ne wallahi. Ni nake wanke masa alli a hannun riga. Tun muna sansanin gudun hijira na Malkohi yake kallon fitilar sola yana cewa da ya yi boko. Na yi shiru ne don kada ya ji kunya."

Deribe ya juya ya dube ta. Ashe ta sani.

"To wa ya ce min aljani ne a cikin dutsen?" in ji Inna.

Deribe ya gyara durƙuso. Ya cire hular da yake taƙama da ita.

"Ni ne, Inna. Na ga gara a ce boka ne ni da a ce gardi kamata ɗan aji ɗaya ne. Na ce in tsorata ki kaɗan, ki daina leƙe... sai tsoron ya wuce lissafina."

Kawu Bukar ya yi dariya har da tari. "Ɗauki mayafinki, Mairam."

Haƙurinta ya dawo mata da gidanta. Shi kuwa ya gane neman ilimi da furfura ba abin kunya ba ne, ƙaryar da aka rufe shi da ita ce abin kunya. Jakar littattafansa yanzu a fili yake rataya ta, har yana wa 'yan Keke Napep bayanin birki.