Rigar Buhun Gishiri

A can wani gari an yi wani mutum mai gaggawa, ko tuwo ba ya jira ya huce. Rannan aka gayyace shi suna, ga rigarsa duk ta yage. Sai ya samo tsohon buhun gishiri, ya ɗauko allura da zare.

Matarsa ta ce, "Maigida, a wanke buhun tukuna."

Ya ce, "Ina lokaci?"

Ya yanka wuya, ya ɗinke gefe, har da aljihu. Ta ce, "To kawo rigar in ɗauraye."

Ya ce, "Ina lokaci?"

Ya zura riga ya fita yana taƙama. Akuya ɗaya ta bi shi, biyu suka bi shi, kafin ya isa sun zama goma. Ya ce a ransa, "Kai, ɗinki ya yi! Har dabbobi sun san kaya."

Ya zauna bisa tabarma ana addu'a. Awaki suka zagaya bayansa suna lasa, suna figa. Ya ji ana jan riga, ya ɗauka masu sha'awa ne. Ko waiwaye bai yi ba ya ce, "Ku taɓa a hankali, ɗinkin hannu ne."

Da aka shafa ya miƙe, sai ya ji iska a gadon bayansa. Gaban riga na nan, bayanta kuwa yana cikin awaki. Haka ya koma gida yana goga baya da bango.

Kashegari matarsa ta miƙo masa buhun sukari. Ya dubi buhu, ya dubi jerin tururuwa a gindin bango, ya ce, "Ina bokiti?"