Dami Tara a Rufin Rumbu

Agda na tsaye gaban murhu tana murza gurasar sha'ir sai mahaifinta, Elof, ya banko ƙofa, ko takalmi bai tsaya cirewa ba.

"Ke! Da gaske ne abin da nake ji? Wai mahaukacin nan mai akushi kike so?"

"Sunansa Nikanor, Baba."

"Na san sunansa! Wa bai san shi ba a kwarin nan? Mutumin da aka ce ya zaɓi fili, ya tsallake fadama ya je ya zaɓi duwatsu!"

Maganar gaskiya, ba Elof kaɗai ke dariya ba. Tun da sarki ya ba da izinin kowa ya sare daji ya kafa gona a Lapland, ƙasar sanyi can arewacin duniya, mai hankali bakin kogi yake nufa, inda ƙasa take baƙa wuluk. Shi kuwa Nikanor, tsohon ɗan ƙodagon Elof, kaka uku ya yi yana jera akushi bakwai cike da ruwa, daga bakin kogi har ƙolin tudu. Kullum da sassafe ya bi su yana tsoma yatsa. Na ƙasa su ke fara daskarewa. Na shida, can sama inda tudun ya fuskanci kudu, ruwansa ruwa ne har sha'ir ya nuna. Nan ya kafa gatarinsa.

"Baba, ya ce sanyi nauyi gare shi, gangarowa yake yi ya kwanta a kwari."

"Ya ce! Ya ce! To ki ji abin da ni na ce: ranar da kika hau tudun nan, kada ki sake taka ƙofata!"

Agda ta yi kuka har gurasar ta ƙone. Tana son mahaifinta, shi ya raine ta tun rasuwar uwarta. Amma ta taɓa ganin Nikanor durƙushe gaban akushinsa, hankalinsa kwance kamar mai addu'a, tun daga ranar zuciyarta ba ta dawo ba. Limamin coci ya ɗaura musu aure, kujerar uban amarya babu kowa.

Wahala kam sun sha ta. Kowane taku na gonar sai an tono dutse, wani ma sai su biyu da sandar ƙarfe. Duwatsun suka zama katanga, katangar ta wuce tsayin mutum. Agda takan tsaya ta dubi hannayen mijinta, duk sun tsattsage, ta rasa yadda aka yi mutum ɗaya ya motsa rabin tudu. Abu ɗaya ke ci mata rai: albarkar mahaifinta. A coci in sun haɗu, ƙeya yake juya mata.

Duk kaka Nikanor yakan ɗaure damin farko ya sauka da shi ya ajiye ƙofar surukinsa. Duk kaka saƙo ɗaya ke dawowa: "A ce masa saniya ta gode."

"Maigida, don Allah ka daina! Wulaƙancin bai ishe ka ba?"

"Ai ba don ya gode nake kaiwa ba, Agda. 'Yarsa na ɗauko. Ya kamata ya ga abin da take ci."

Shekara takwas ana haka, sannan ta tara ta zo, muguwar shekara. Dusar ƙanƙara ba ta narke ba sai tsakiyar shekara, aka yi shuka a makare. Wata safiya a farkon Satumba Nikanor ya kira ta da wata irin murya.

"Agda, fito ki gani."

Ta fito. Kwarin gaba ɗaya ya ɓace. Farin hazo ya cika shi fal kamar madara a akushi, babu kogi, babu gidaje, sai tsinin coci. Sanyin ya hauro tudun ya tsaya taku ashirin ƙasa da katangarsu, ciyawar wajen fari fat. Daga katanga zuwa sama kuwa sha'irinsu na tsaye, rana na haska shi, raɓa na ɗiga. Ta durƙusa a wurin.

"Ikon Allah! Maigida, ashe abin da yatsanka ke gani ke nan!"

Bai yi murmushi ba. Kwarin yake kallo. "Sun rasa komai," ya ce.

Haka kuwa aka yi. Kafin Kirsimeti mutanen kwari sun koma niƙa ɓawon itace suna gurasa da shi. Nikanor ya fara ɗaukar buhun sha'ir a baya yana sauka cikin ƙanƙara, gida gida, kuma gidan Elof yake fara ajiyewa.

"Ka bari ya hauro ya roƙa da bakinsa!" in ji Agda, tana hawaye. "Shekara tara yana ba saniya guminka!"

"In na jira ya roƙa, gawarsa za mu ɗauka. Kin san halin Babanki."

Ya yi ta sauka yana hawa har tari ya kama ƙirjinsa. Buhun ƙarshe da ya saɓa, na iri ne. Agda ta tare ƙofa, ya dube ta ya ce akwai yara a gidan da zai kai, ta matsa.

Da ƙanƙara ta narke Nikanor ba ya iya tashi. Gonar da ya ƙwato daga duwatsu na shimfiɗe, babu ƙwaya ɗaya da za a zuba mata. Agda ta jingina shi a bakin ƙofa don ya sha rana, sai suka hango wani tsoho yana haurowa da doki, yana tsayawa yana haki. Elof ne. A bayan dokin dammuna ne, wasu sun yi baƙi don tsufa.

Ya tsaya gaban katangar ya daɗe yana shafa duwatsun. Sannan ya cire hula.

"Tara ne," ya ce. "A rufin rumbu na rataye su. Ban taɓa ba saniya ko zangarniya ɗaya ba, girman kai ne kawai. Na bara da na bara waccan za su tsiro." Ya durƙusa a gaban maras lafiyar. "Ɗana, ka yafe mini. Allah ya yi wa aurenku albarka."

Agda ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka. Nikanor ya yi murmushi. "Baba, ka fara daga gefen gabas, can ya fi saurin bushewa."

Tsohon ya sussuke dammunan, ya shiga gonar yana watsa iri, 'yarsa na biye da shi. Da suka kai ƙarshen kunya suka waiwayo, Nikanor na jingine yadda suka bar shi, fuskarsa na kallon gonar, rai ya yi halinsa.

Sha'irin ya tsiro. Daga shi kwarin duka ya samu iri, gidaje suka yi ta haurowa tudu, kowa da akushinsa. Elof bai sake sauka ba, a ɗakin surukinsa ya ƙare kwanansa yana yi wa Agda noma.

'Yan'uwa, alherin da kuka kai ƙofar da aka rufe muku, kada ku ɗauka ya faɗi ƙasa; mai haƙuri yana samun abinsa ko da a ranarsa ta ƙarshe ne. Ku kuma iyaye, kada ku riƙe albarka sai ta tsufa a rufin rumbu. Elof ya kai tasa da sauran rabin yini kacal.