Tsutsa a Falon Mai Maganin Ƙwari

A kwance ta fara ganinsa, rubda ciki, a gindin bishiyar lemon da ke jikin katangar makaranta, fensir a bayan kunne, idonsa a kan ganye ɗaya tak. Ita malamar ajin 'yan ƙanana ce, ta fito neman yaranta da suka ƙi komawa aji bayan hutun cin abinci. Sai ta tarar da su tsugune kewaye da wani dogon mutum, sun yi tsit kamar ruwa ya ci su, yaran da sai ta kusa fasa tebur kafin su yi mata shiru.

"Bawan Allah, lafiya?"

"A hankali, Malama," ya ce, bai ko ɗago ba. "Abinci take ci."

Ta sunkuya. Wata koriyar tsutsa ce mai kaurin yatsa, tana yankar gefen ganye a tsanake kamar tela mai bin layin alli. Malama ta buɗe baki za ta ce ƙazanta, sai ta hango wasu ɗigo biyu a kan tsutsar kamar idanu, da farin zare da aka ja mata a gefe, ɗinkin da babu hannun da zai iya shi. Ta ƙara matsowa.

Can ya ɗago ya gan ta. Fensirin ya faɗo daga kunnensa, bai nema ba.

Mai Zane ake ce masa. Shi ke zana littattafan nan masu manyan hotuna da 'yan kalmomi kaɗan, na yaran da ba su fara haɗa baƙi ba. Ya yi na kwaɗo, ya yi na tururuwa, ya yi na yadda hadari ke haɗuwa. Yana da ƙa'ida guda: abin da bai gani da idonsa ba, ba ya zana wa yaro. Wai yaro ya fi alƙali gane ƙarya.

Mu da furfura ta fara yi wa sallama, a zamaninmu wanka muke yi mu zuba turare, kuma duk da haka a ce mana ba ta nan. Shi wannan, da ƙasa a gaban riga, ya tafi gida da lambar waya a aljihu da tsutsa a kwalba.

Daga nan saƙonni suka fara zirga-zirga.

"Furena, yau ta cinye ganye har sai da na ƙaro. Ni ban ci komai ba, tunaninki ya ƙosar da ni."

"Malam Tsutsa, ka tashi ka ci abinci. Ba na son a ce na auri fensir."

"Kin ce aure. Na ajiye saƙon nan shaida."

"Kuskuren yatsa ne."

"Allah ya ƙara wa yatsan kuskure."

Ranar da ta karanta wa ajinta littafin kwaɗon, wata 'yar yarinya ta sa yatsa a kan hoton kududdufi, ta janye, ta duba ko ya jiƙe. Malama ta tsaya da littafin a hannu, ta ji abin ya gama shiga zuciyarta.

Matsalar tana gida. Babanta mai shagon maganin ƙwari ne: na sauro, na kyankyaso, na gara, na tsutsar gona. Da wannan ya gina gidansa, da shi ya biya mata karatu. Kuma ya riga ya yi mata sha'awar Mai Feshi, wani saurayi mai babur da tanki a baya, babban mai sayen kayansa, wanda ke cewa duk abin da ƙafarsa ta wuce huɗu abokin gabarsa ne.

"Wanda ke kiwon abin da nake kashewa?" in ji Baba. "Da bakinki kike faɗa min?"

"Aikinsa ne, Baba. Littafin yara yake yi."

"Ƙato da gemu yana bin tsutsa, ki ce aiki? Gobe in an ce me surukinka ke yi, in ce me? Makiyayi?"

Shi ma Mai Zane bai taimaki kansa ba. Sun yi alkawarin haɗuwa a tashar mota wata yamma, ta tsaya har ƙafarta ta yi sanyi, bai zo ba. Ashe tsutsar ce ta daina ci, ta hau ɗan reshen da ke cikin kwalbar, ta ɗaure ƙugunta da zare, ta tuɓe fatarta ta koma wani ɗan koren kwanso. Yana ta zane har ya manta da duniya.

"Ka zaɓa," ta rubuta masa. "Ni ko ita."

Can sai ga amsa. Hoton zanen ya turo, da layin da zai sa a ƙarƙashinsa: "Ta rufe ƙofa. Ba mutuwa ta yi ba. Mu jira ta." Sannan ya ƙara: "Ki yi haƙuri, zuciyata. Na yi laifi, ba ni da hujja sai wannan."

Ta daɗe tana kallon hoton. "Na haƙura. Amma ka sani ita ce ta roƙa maka."

Umma ce ta yi ta lallashi har Baba ya yarda zai gan shi sau ɗaya, ranar Asabar da safe. In bai gamsu ba, Mai Feshi zai ba wa magana, an gama.

Da safiyar Asabar Mai Zane ya sa rigarsa mai guga, ya leƙa kwalba don yin sallama. Kwanson ya yi duhu, fatarsa ta yi shara-shara har ana hango zanen fiffike a ciki. Ya san wannan alamar. Tsutsar da ya yi kiwonta kafin wannan ta fito ne yana wurin aski, ya dawo ya tarar da kwanso fanko. Shafin ƙarshe na littafin tsutsar da yake zanawa har yanzu fari ne.

Mai hankali zai bar kwalba ya tafi neman aure. Shi sai ya saka ta a jaka, ya rungume ta a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri, ya nufi gidan mai maganin ƙwari.

Ya gaida Baba har ƙasa, ya zauna a gefen darduma, ya ajiye jakar tsakanin ƙafafunsa da bakinta a ɗan buɗe. Malama da Umma na bayan labule.

"To, samari. Me kake da shi da za ka riƙe min 'ya?"

"Baba, ina da…" Idonsa ya faɗa jaka.

"Ina magana kana kallon ƙasa. Kunya ce ko raini?"

"Baba, ka gafarce ni. Ta fara."

Ya fito da kwalbar ya ɗora a kan teburin tsakiyar falo. A bayan labule Malama ta dafe kai. Baba ya dubi kwalba, ya dubi baƙonsa, hannunsa ya tafi da kansa ga gwangwanin feshin da ba ya rabuwa da gefen kujerarsa.

"Malam," in ji Umma daga ciki, "ajiye."

Kwanson ya tsage daga sama. Wasu siraran ƙafafu suka fito suna lalube, suka kama reshe, sai ga wani abu jiƙaƙƙe, cukuikuye kamar tsumman da aka matse, ya zame ya rataye.

"Wannan kake jira?" in ji Baba. "Ai nakasasshe ne."

"A ɗan jira, Baba."

Abin ya fara numfashi da dukkan jikinsa. Sannu a hankali tsumman ya soma warwarewa, kamar wani hannu da ba a gani yana yi masa guga. Baƙi ya bayyana mai sheƙi, sai ɗige-ɗigen rawaya suka jeru a kansa, na dama daidai da na hagu, ba wanda ya goce. Can ƙasa, a kusurwa, wani jan ɗigo ya buɗe, da shuɗi a samansa.

Ba wanda ya ga lokacin da Baba ya sauko daga kujera. An dai gan shi a durƙushe, ya sa tabarau, hancinsa na kusan taɓa kwalba.

"Subhanallah," ya ce a hankali. "Wannan ita ce koriyar nan mai cin lemo?"

"Ita ce."

"To ina koren ya tafi? Wa ya sa mata wannan a ciki?"

"Ban sani ba, Baba. Ni kallo kawai nake yi in zana."

Ya riga ya zaro takarda. Fensir na gudu, ya manta da wanda ke gabansa da abin da ya kawo shi. Umma da Malama sun fito sun tsaya, ba wanda ya ce su koma. Baba da kansa ya juya kwalbar wajen hasken taga.

"Yi sauri mana. Ba ka sa shuɗin nan ba, duba da kyau."

Ana cikin haka aka ji babur ya tsaya a waje, Mai Feshi ya yi sallama daga ƙofa, ya zo ɗaukar kaya.

"Kada ka shigo min da tankin nan!" Baba ya daka masa tsawa. "Je ka shago ka jira ni."

Da fikafikan suka bushe, Mai Zane ya cire ƙyallen bakin kwalbar. Malam-buɗe-littafi ya hau bakinta, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, sannan ya ɗaga ya bi ta taga. Baba ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya daɗe bai juyo ba.

"Tun ina saurayi nake raka su lahira," ya ce. "Yau na fara ganin zuwan ɗaya duniya." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya fi goge ido fiye da gilashin. "Mutumin da zai zauna ya jira tsutsa haka, zai iya haƙuri da 'yata. Ka turo manyanka."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun falo, ya kamo hannunta ya sa a nasa.

"Ga amana. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su tsaya su kalli ikonsa."

Suka ce amin, ita tana share hawaye. Har sun kai ƙofa ya sake kiran angon.

"Amma in kyankyaso ya shigo muku, kada ka zana shi. Kira ni."