Rakiyar Baƙon Gazali

A'a, Hauwa'u, ba taɓin hankali ba na. Rage murya, matatai na nan kusa. Abin da kig gani Gazali ya yi bakin ƙofa, shina magana da wanda babu, da dalilinai. Matso ki ji. Ni gwaggonai ta, daga bakinai naj ji.

Gazali tun shina makaranta akwai wani wasa da shika so cikin kwamfuta. Ba na harbe-harbe ba. Gari ake ginawa. A ba ka 'yan mutane ƙanana kamar tururuwa, ka aiki wanga saran itace, wanga noma, wanga ginin ganuwa, kana kallonsu daga sama. Inda mutanenka ba su taka ba, wurin baƙi ƙirin.

To, sai tsohuwar kwamfutar tam mutu. Sabuwar da yas saya wata iri ta daban, wasan ba ya hawa kanta, wai ba su jin yaren juna. Yak kai ma Sirajo, mai gyara a Sabon Gari. Sirajo yac ce abu mai sauƙi, za a gina irin tsohuwar cikin sabuwar. Ba ta da jiki, sai dai ta zauna ciki kamar ɗaki cikin gida, a yanka mata wuri, a ɗiba mata ƙarfi. Wai masu abin da kansu haka sunka raɗa musu suna, ta ciki baƙo, ta waje mai masauki.

"Nawa za a yanka ma baƙon naka?" in ji Sirajo.

"Ba shi rabi. Basakkwace ba ya ma baƙo rowa."

Sirajo yay yi dariya. "To amma kula. In ka latsa ciki, kibiyar nan da kaka ja da mawus ta shiga hannun baƙo. Ba ta hitowa sai ka danna wanga maɓalli na dama."

Yak koma gidan da suka haya a Runjin Sambo, rana ta kusa hwaɗuwa. Damina ta, an yi ruwa da la'asar. Matatai Nabila, cikinta wata bakwai, ta zuba tuwo cikin kula za ta kai ma uwarshi, lungu ukku tsakaninsu.

"Ba ka raka ni?"

"Yanzu kin dawo. Bari in gwada abin ga."

Tas sa koren hijabinta tah hita.

Yak kunna. Wata 'yar taga tab buɗe cikin allon, irin huskar tsohuwar kwamfutarshi sak. Daɗi yak kama shi. Ko bisimilla bai yi ba, ga magariba ta kawo kai, yac ce da ƙarfi, cikin wasa:

"Maraba da baƙo. Shigo, gida naka na."

Yal latsa ciki.

Wari yah hwara ji. Jiƙaƙƙar laka, da irin warin ɗakin da anka daɗe ba a buɗe ba. Sai sautin sara, kaf, kaf, kaf. Ya san sautin, na wasan na. Amma ba daga kwamfutar shika hitowa ba. Daga bayanai, wajen ƙarƙashin gado.

Yad dubi garin da ke allo. Ba shi yag gina shi ba. Ga masallaci mai shuɗin tanki. Ga rumfar mai shayi. Ga wani kwano da anka danne da tsohuwar taya, kwanon ɗakinsu ke nan.

Ga wata 'yar mutum cikin lungu, da koren hijabi, riƙe da kula.

Kibiyar tam motsa. Hannunai yab bi ta. Ba shi ka jan mawus ɗin ba, mawus ɗin ka jan shi. Tat tahi kan Nabila, tay yi mata zobe. Sannan tah haura can gehe, inda ke baƙi ƙirin, yatsanai yal latsa.

Ya san abin da ke wurin. Kududduhin bayan unguwa, wanda ruwan bana yac cika har baki.

Nabila taw wuce lungun uwarshi. Ba ta ko waiwaya ba.

Yad danna maɓallin da Sirajo yan nuna mishi. Yas sake dannawa. Babu. Yak kai hannun hagu ya kashe kwamfutar, tak ƙi mutuwa. Yaz zare wayar wuta daga bango, ai da batir cikinta. Yal laluɓo wayarshi yak kira Nabila, sai ga tata tana ƙara bisa matashin kai.

Yay yunƙura ya tashi. Ƙahwahu kamar an dasa su.

Yaj jawo Ayatul Kursiyyu, halshe yay yi nauyi, ko kalma ukku bai kai ba. Ana kiran salla a masallacin nan na kusa, amma kamar daga wani gari.

"Bari motsi," anka ce, dab da kunnenai. "Aiki nika yi."

"Wane ne?"

"Wanda kac ce ya shigo."

"Rabi na ba ka."

"Rabi kay yanka. Da bakinka kac ce gida nawa na. Ni am mai gida. Kai ab baƙo."

Baƙin wurin shina yayewa gaban Nabila kaɗan kaɗan. Ga ciyawa. Ga bakin ruwa.

Kukan kwaɗi yac cika ɗakin.

Yaj ji sanyi ga tahin ƙahwa, kamar shi ka shiga ruwan.

Hawaye kawai shika yi. Ba ƙarhi, ba addu'a, ba wanda za shi kira. Maganar nan ɗaya ka yawo cikin kainai, kai ab baƙo. To mi yar rage ma baƙo? Abu guda. Ya nemi sallama.

"Mai gida," yac ce. "Mun gode da masauki. Za mu koma. Ni da iyalina, tare munka zo."

Saran yat tsaya.

"Tun yanzu? Ko ruwa ba ku sha ba."

Ruwan ya kai ma Nabila idon sawu.

"Mun ƙoshi, wallahi. A yi muna izini."

Ruwan ya kai mata gwiwa.

"To. Mu taka muku."

Hannunai yas saki.

Ba takalmi yah hita. Shina gudu cikin taɓo, bayanai kuma ana tahiya, taku ɗai-ɗai, ba gaggawa, amma ba a bar shi ba. Yat tarar da Nabila ruwa har gwiwa, kula na hannunta, ido buɗe. Da yaj jawo ta sai tad dube shi tac ce, "Ba kai ka cewa in miƙe ba? Muryarka nika ji."

Gidan uwarshi sunka kwana. Ba su sake komawa wancan ba, kayansu ma mu munka kwaso, da malamai biyu suna karatu. Kwamfutar kam ba wanda yat taɓa. Bayan mako guda Sirajo yaz zo ɗaukarta, yal leƙa yag gan ta kunne, ba waya jikinta, garin ya ƙara girma. Yaj jawo ƙofa yay yi tahiyatai.

Nabila ta sauka lahiya, kin ga yau suna muka yi. Sai dai abu guda. Kin san in an taka miki, kin kai kwanar lungu sai ki tsaya ki ce, a koma haka nan, mun gode. Shi cikin gudu bai ce ba. Da ɗan rakiya yash shiga gida.

Shi ya sa yanzu duk ƙofar da za shi shiga sai ya tsaya ya ce a koma haka nan. Na tambaye shi ko ana amsawa. Yac ce ana amsawa, Gwaggo, kullum amsa guda: "Ba komi, mu ƙara gaba kaɗan."

Bari in tashi, ga mutanen Ƙofar Rini can sun iso ba a kai musu hura ba. In za ki tahi gida ki yi mini magana, ni in taka miki. Kada ki bari shi ya raka ki.