Sawun Manyan Tayoyi a Hanyar Galma

Ranar kasuwar Madawa ce, cinikin albasa ya kankama, aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa mota ta banke wani tsoho a hanyar Galma, ta gudu. Jandarmomi masu kula da ƙauyuka sun tafi wani aiki Buza, saboda haka komisar, shugaban ofishin, ya ce Sufeto Nuhu Takawa ya je ya gani.

Shi Sufeto Nuhu, ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Matarsa takan ce in ta gaya masa tuwo ya nuna, sai ya tambaya wa ya shaida. Ya daɗe yana aiki a arewa, wajen Agadas, inda lalacewar taya kan zama ajalin mutum. Tun daga can ya koyi kallon ƙafar mota kafin ya kalli fuskar mai ita.

Wurin da abin ya faru wata muguwar kwana ce, inda hanya ke gangarawa ƙorama ta kewaye wani dutse. Tsohon, Malam Alhusaini, manomin albasa ne daga Galma. An riga an lulluɓe shi da zane, malfarsa na yashe a gefe, jakinsa kuma na tsaye da karyayyar ƙafa. Wasu mata masu tallan nono ne suka tsince shi wajen azahar.

"Da sauran ransa munka iske shi," in ji babbarsu. "Har ruwa ya roƙa."

Likitan da ya duba gawar ya ce zubar jini ne ya kashe shi. Da wanda ya buge shi ya kai shi asibiti, da yana nan da ransa.

Sufeto ya tsuguna kan sawun motar. Tayoyi ne masu faɗi, masu manyan haƙora, irin na motar kat-kat mai shiga jeji. A daidai kwanar sawun bai lanƙwasa yadda ya kamata ba, ya fara juyawa ne ya fasa, ya miƙe kan jakin. A cikin yashi kuma ga wasu siraran baƙaƙen roba, kamar an fere rogo. Ya tsince su ya ƙulle a hankici.

Washegari da hantsi mutanen Galma suka kawo masa mai laifi da kansu, suna jan sa da riga. Harisu ne, direban da ke jigilar mutane da buhuna tsakanin ƙauyuka da tsohuwar kat-kat ɗinsa. A gaban taron akwai Abdurrazak, ɗan marigayin, wanda bai daɗe da dawowa daga Abijan ba. Ya sauko daga wata farar kat-kat sabuwa fil, an wanke ta tas, tana tsaye kan tayoyinta na cikin gari.

"Ga shi nan, ranka shi daɗe!" Abdurrazak ya faɗa. "Ku duba tayunai! In ba ku ɗaure shi ba, mu mun san abin da za mu yi mishi."

Aka duba. Haƙoran tayoyin Harisu sun yi daidai da sawun, har da wani yanka a ta gaba ta dama.

Sufeto ya shigar da shi ofis. "Ka bi hanyar Galma jiya?"

"Wallahi ban bi ba."

"Rabin gari ya gan ka."

Harisu ya sunkuyar da kai. "Na bi, ranka shi daɗe, amma bayan la'asar. Tsoro as sa ni ƙarya."

"Wanda ya yi ƙarya ɗaya, me zai hana shi ta biyu? Yaushe ka sa tayoyin nan?"

"Jiya bayan azahar, wurin Rilwanu mai tayu. Kahin nan ina garaj ɗinai, mota tana bisa jak."

Aka aika ɗan sanda wurin Rilwanu. Ya dawo da amsa cewa tun jajiberin kasuwa aka ɗaura wa Harisu tayoyin, sababbi daga Ƙonni. Harisu na jin haka ya ɗora hannu aka ya fashe da kuka.

Komisar ya ce magana ta ƙare. Ga sawu, ga ƙarya, ga shaida. Gobe da safe a miƙa shi gaban alƙali. Sufeto ya san in Harisu ya shiga wannan ƙofar, sai ya yi furfura a gidan kaso. Biri ya yi kama da mutum, amma shi hankalinsa bai kwanta ba. Bai taɓa yarda da shari'ar da ta zo masa a dafe ba.

Ya fita harabar ofis inda aka ajiye motar Harisu. Ya shafa kafaɗar tayar gaba ta dama, ya ji ta a goge, an ci gefen haƙoranta. Ya kwance hankicinsa ya gwada robar da ya tsinto, ta zauna daidai. To, me ya ci ta? Ya sa aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ya zura hannu tsakanin tayar da jikin motar. Hannun ya shige har da sauran wuri, domin Harisu ya daɗe da ɗaga motarsa saboda duwatsun Adar. Ƙarfen da ke saman tayar kuwa ba ko ƙwarzane, sai busasshiyar laka ta bara.

Wato tayoyin nan sun taɓa zama a ƙarƙashin wata motar da suka yi wa yawa.

Bayan azahar ya ɗauki motar ofis, wadda tayoyinta suka suɗe har zare na leƙowa, shi da direba suka nufi garejin Rilwanu a bakin titi. Rilwanu na ganin kaki ya miƙe, fuskarsa ta canza.

"Kwantar da hankalinka," in ji Sufeto. "Ciniki ya kawo ni. Dubi ƙafar motar gwamnati, abin kunya. Me za ka ba ni?"

Rilwanu ya saki numfashi. Da an taɓo sana'arsa bakinsa ba ya rufuwa. "Ya danganta da inda kaka bi, Mushe Sufeto. In duwatsun Keita na, ka ɗauki siririya mai kaurin gehe, bisa janta sha shidda, wato ƙarhen da taya ka hawa. Ƙaramar janta, roba mai tsawo, ita ka shanye dutsi. Janta sha bakwai ta gayu ta, dutsi guda ka lanƙwasa ta."

"Yashi fa?"

"Ka rage iska, shi ke nan."

"Ni manya nake so, masu haƙora, irin na Harisu. In na shigo gari a san hukuma ta iso."

Rilwanu ya yi dariya. "Ku manya duk halinku guda! Motarka ba a ɗaga ta ba. In ka sa waɗannan, kana murɗa bolan, sitiyari ke nan, taya za ta ci jikin mota, kwana ta gagare ka. Haka na yi ta gaya ma wancan, yaƙ ƙi ji, sai da ya..."

Ya tsaya. Bakinsa ya rage a buɗe.

"Sai da ya me?" Sufeto ya tambaya a hankali.

"A'a, wani na, tun bara."

"Tayoyin da ka ce sababbi ne daga Ƙonni, tun bara wani ya gwada su?" Ya baza hankicin a kan benci. "Wannan a wurin gawa na tsince shi. Motar Harisu ba ta cin taya, na duba da hannuna. Ko dai ka faɗi motar da ta ci ta, ko ka kwana tare da Harisu, gobe ku tafi gaban alƙali ku biyu."

Gumi ya karyo wa Rilwanu. Ya ce al'adarsa ce, babban mai saye yakan ɗaura taya ya zagaya da ita ya gani kafin a yi ciniki. Ranar kasuwa da safe wani ya zo ya nace sai manyan. Kafin azahar ya dawo a firgice, ya ce ba ya so, a mayar masa da nasa. Harisu ya zo daga baya ya saye su. Da dare ya yi, mutumin ya kira shi yana kuka, ya roƙe shi ya ce tun jajibere ya sayar.

"Wane ne?"

Rilwanu ya faɗi sunan. Sufeto, shi da yake zargin kowa, wannan karon ya so a ce ƙarya aka yi masa.

Ya isa Galma da la'asar. Ana zaman makoki a ƙofar gidan Malam Alhusaini, dattawa kan tabarmi, Abdurrazak a tsakiya yana karɓar gaisuwa. Farar motarsa na ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Sufeto ya yi ta'aziyya yadda ta kamata, sannan ya ce da Abdurrazak su ɗan keɓe.

Suka tsaya jikin motar.

"An kai Harisu gaban alƙali?" Abdurrazak ya tambaya.

"Tukuna. Motarka kyakkyawa ce. Ba ka taɓa sha'awar sa mata manyan tayoyi ba?"

"Ni? A'a. Yadda na sawo ta haka take."

"Ranar kasuwa kana ina?"

"Gida, Madawa. Ban hita ba sai da anka kira ni."

Sufeto ya tsuguna. Notocin ƙafafun duk suna ƙyalli, alamar sufana ta taɓa su kwanan nan. Fitilar dama ta fi ta hagu sabunta. Ya zura hannu saman tayar gaba, inda mai wanki ba ya kaiwa, ya shafo. Tafinsa ya fito baƙi ƙirin da garin roba, fentin wurin kuma ya goge har farin ƙarfe ya bayyana.

Ya miƙe ya nuna masa hannun. "Tayar da ke jikinta yanzu ba ta kai nan ba. Wacce ta kai?"

Abdurrazak ya kalli hannun, ya kalli ƙofar gidan ubansa. Ya sulale ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa.

"Ni na ce mishi shi jira ni," ya faɗa, da kyar ake jin sa. "Na ce Baba, ka bar hawan jaki, ni za ni zo in kai ka kasuwa, kowa shi ga ɗanka ya dawo. Na so shi gan ta da manyan tayu. Na tsaya zaɓe wurin Rilwanu har rana ta yi, shi ko ya gaji da jira. Ina gudu in cim mishi, na shiga kwanar, na murɗa bolan, yaƙ ƙi. Malfa kaɗai na gani da jaki."

"Ba ka sauka ba."

"Na ji tsoro. Na ce ko wane ne, wani ya taimake shi. Zuciyata ta raya min wani abu, na ƙi saurare. Ina garaj ana kwance tayun anka kira ni, anka ce Baba ne..."

"Harisu fa? Me ya yi maka?"

"Ba komi. In ba shi ba ne, to ni ne. Ina zan sa kaina cikin garin ga?"

Tausayi ya kama Sufeto, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Mutum ya bar tsoho cikin jini, ya dawo yana neman a binne wani da ransa. Dattawan da ke kan tabarmi sun riga sun taso, sun ji abin da suka ji, suna ta salati.

Sufeto ya kira ofis ya ce a saki Harisu, a ba shi makullin motarsa. Bai sa wa Abdurrazak ankwa a ƙofar gidan makoki ba, ya dai kama hannunsa ya tashe shi, ya buɗe masa bayan motar gwamnati.

Sun kama hanyar Madawa, suna gangarawa ƙoramar, direba ya rage gudu ya sha kwanar lafiya lau da suɗaɗɗun tayoyinsa. Abdurrazak ya manna fuska a gilashi yana kallon dutsen.

"Mushe Sufeto," ya ce, "nan take ya cika, ko?"

Sufeto ya yi niyyar yin shiru. Sai ya tuna da Harisu da hannunsa aka.

"A'a," ya ce. "Ya jira. Har ruwa ya roƙa."