Takalmin Da Ya Ƙi Miƙo Mini

Da ƙyar na zare ƙafata daga cikin takalmin, na cije leɓe don kada wani ya ji ni.

Safa ta manne da fata. Jini ne, sabo a kan tsoho.

Daga filin ƙanƙara inda muke rawar zamiya ina jiyo kiɗanmu, wanda ni da abokin rawata Niyaz muka zaɓa tare, ni kuwa ga ni a ɗakin sauya kaya ina tura ƙafa ƙarƙashin benci kamar wadda ta yi sata.

"Gulshat, ƙawata, har kin gaji?"

Regina ce. Ta jingina da ƙofa tana gyara gashi, da murmushin nan nata mai sanyi.

"Igiya nake gyarawa," na ce.

"Ki huta abinki. Sabon takalmi sai da haƙuri. Bari in riƙe miki Niyaz, kada kiɗan ya tafi a banza."

Ta riƙe mini shi, wai. Kamar jaka!

Ta gilashi na hango su. Hannunsa a bayanta, daidai inda yake sa mini nawa. Suka yi juyin da ya gagare ni tun da na sa wannan takalmin, ita ko numfashinta bai sauya ba. Tun tana yarinya take zamiya, har gasa ta yi kafin ta daina. Ni kuwa sai da na kusa talatin na fara taka ƙanƙara, bayan na gaji da tsayuwa a kantin magani daga safe zuwa yamma ina miƙa wa mutanen birnin Kazan maganin tari.

A ajin manya na haɗu da Niyaz. Malamin lissafi ne, dogo, mai jan magana kamar ana cajinsa kuɗi a kan kowace kalma. Ranar farko na faɗi na ja shi muka zube tare, abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙanƙarar ta yi tauri yau." Hunturu uku ke nan muna rawa tare. Hunturu uku yana riƙe hannuna, yana kallon cikin idona, amma bakinsa bai taɓa furta abin da nake jira ba.

Ina son sa. Na daɗe da daina yi wa kaina ƙarya a kan wannan.

To sai ga gasar manya ta ƙarshen hunturu ta matso, tsohon takalmina kuma ya mutu. Ya karye a idon sawu, in na jingina sai ya kwanta da ni. Regina da kanta ta ce za ta raka ni shagon tsoho Arkadi mai sayar da takalman zamiya, ni kuma da wautata har da yi mata godiya.

Ranar, Arkadi ko auna ni bai yi ba. Ya shiga ciki ya fito da kwali.

"Wannan ne naki. Wani ya sa aka kawo, bai zo ya ɗauka ba. Ki ba da abin da ya sauwaƙa."

Na sa. Wallahi kamar a ƙafata aka ɗinka shi. Ya riƙe dunduniya, ya bar yatsu su sha iska, in na lanƙwasa gwiwa sai ya bi ni.

Regina ta kwashe da dariya.

"Haba Arkadi, kwantai za ka liƙa mata? Wannan ai na tsofaffi ne masu zagaya fili da jikoki." Ta matso kunnena. "Niyaz fa ya gaji da jan mai koyo, bai dai iya faɗa ba ne. Ki ɗauki na gwanaye, ya san kin wuce wasa."

Ta nuna wani fari sol a saman kanta, irin na 'yan matan da ke tsalle su yi juyi uku a sama.

"Ba tsalle take yi ba," in ji Arkadi. "Wannan ba zai lanƙwasu a ƙafarta ba ko za ta shekara."

Ban saurare shi ba. Kalmar nan ta mai koyo ta riga ta zauna mini a ƙirji.

Ga shi yau ina zaune da jini a safa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Gulshat? Lafiya?"

Na yi maza na cusa ƙafata cikin takalmin gida, na buɗe. Yana tsaye yana haki, gumi a goshinsa.

"Kwana biyu gwiwarki ba ta sauka," ya ce. "Takalmin nan..."

"Takalmina lafiyarsa ƙalau."

"Da kin bari na duba..."

"Ka je ka duba na Regina. Ai na ga kun dace. Ka kai sunanta gasar, ka huta da jan mai koyo."

"Wa ya ce miki..."

"Ba sai an ce ba, ina da ido."

Na saɓi jakata na wuce shi. Ina so ya riƙo ni, ya ce wani abu, ko da tsawa ce. Bai riƙo ni ba. Har na kai tashar bas ina waiwaye.

A gida na tarar da Inna tana naɗe ecpocmak, samosarmu ta gargajiya, ƙamshin nama da albasa ya cika ko'ina. Kallo ɗaya ta yi wa tafiyata.

"Zauna. Cire safar."

"Inna, ba komai ba ne."

"Na ce cire."

Da ta ga ƙafar sai ta ɗaure fuska. Dama tun farko ba ta son wannan harka. Kullum maganarta ɗaya ce, mace mai shekara talatin da biyu tana zamiya kamar 'yar firamare, hannunta cikin hannun namijin da matarsa ta gudu ta bar shi. Ta ɗauko ruwan ɗumi ta wanke mini.

"Shi ya sa ki wannan?"

"Bai ma sani ba."

"Bai sani ba? Yana riƙe da ke kina zubar da jini bai sani ba? Ba ni wayarki."

"Inna, don Allah..."

Ta riga ta ɗauka. Ina ji tana cewa, "Fanuza ce, uwar Gulshat. Ka zo gidana yanzu, ina da magana da kai."

Na rasa inda zan sa kaina. Na tashi, na zauna, na leƙa taga, na dawo. Na tsefe gashina na sake ɗaurewa. Inna tana kallona ta gefen ido tana jera ecpocmak a faranti, wai ita ba don kowa take yi ba.

Kafin la'asar ya iso, da hula a hannu, ya gaishe ta da apa, laƙabin girmamawa da muke yi wa manyan mata.

"Ina wuni, Fanuza apa."

Ta dire farin takalmin a gabansa a kan kujera.

"Lanƙwasa shi."

Ya kama da hannu biyu ya danna. Ko gezau. Ya sake dannawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai idonsa ya sauka a kan ƙafata da ke naɗe da bandeji, fuskarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Gulshat... tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Don kada ka ce ni mai koyo ce." Hawayen da nake riƙewa tun safe suka ƙwace. "Regina ta ce ka gaji da ni."

"Regina?" Ya zauna a hankali kamar an zare masa laka. "Ita fa na nemi shawararta lokacin da zan sa a kawo wancan. Ita ta ce shi ne daidai da ke."

"Wane wancan?" in ji Inna.

Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Wanda Arkadi ya fara nuna mata. Ni na sa aka kawo. Awon ƙafarta yana wurinsa tun bara. Na roƙe shi ya ce kwantai ne, ya karɓi ko nawa ta bayar."

Na bi shi da kallo baki buɗe. Ashe tana sane ta kai ni, tana sane ta raba ni da shi.

"Yana ina yanzu?" Inna ta tambaya.

"A bayan motata. Arkadi ya mayar mini."

"Wata guda yana bayan motarka, ɗiyata tana yawo da jini? Je ka ɗauko."

Ya fita da sauri. Da ya dawo sai ya toge a bakin ƙofa, rungume da kwalin kamar jariri.

"Shigo mana, ba a miƙa abu ta kan dokin ƙofa," in ji Inna.

Ya shigo. Na miƙa hannu biyu.

Ya ja da baya.

"Niyaz?"

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya me ba? Ba nawa ba ne?"

"Naki ne. Amma ba zan ba ki da hannuna ba." Ya ƙara rungume kwalin. "Kin san abin da ake cewa. In ka ba wanda kake so takalmi kyauta, da shi zai tafi ya bar ka."

Wanda kake so.

Hunturu uku nake jiran kalmar nan, sai ga ta ta fito a tsakiyar ɗakin girkin Inna, a gaban farantin ecpocmak.

"Kai malamin lissafi guda, da camfin tsofaffi?" Inna ta ce.

"Na sani, apa. Ni ma da dariya nake yi wa masu faɗa. Tsohuwar matata, takalmin hunturu na saya mata ranar haihuwarta. Kakata ta ce kada in ba ta, na yi mata dariya. Da shi a ƙafarta ta fita, ina tsaye a taga ina kallon sawunta a kan dusar ƙanƙara." Ya dubi kwalin. "Na san ba takalmin ne ya kore ta ba. Na sani sarai. Amma duk ranar da na buɗe bayan mota in ɗauko wannan, sai hannuna ya ƙi. Gara in rasa gasar, in rasa komai, da in ga bayan Gulshat."

"Ai ka kusa ganinsa yau da safe," na ce ina share hanci.

"Na bi ki tasha, bas ta riga ta tashi. Na koma na ce wa Regina ta nemi wani. In ba ke ba, ba na shiga."

Yana tsaye da kwali, ina zaune da hannu a miƙe, an rasa mai motsawa. Raina ya fara ɓaci kuma. Wato haka za mu ƙare, shi da tsoronsa, ni da girman kaina?

Inna ta goge hannu a jikin zanen girkinta. Ta daɗe tana kallonsa, tun daga sumarsa har safarsa da ta huje a babban yatsa. Sannan ta juya ta buɗe gwangwanin shayin da ke saman firji, ta lalubo wani abu, ta zo ta kama hannuna ta danƙa mini.

Kwandala ce, tsohuwa, duk ta yi baƙi.

"Ubanki ma takalmi ya fara kawo mini," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Da wannan na saya a hannunsa. Bayan ya rasu na same ta a aljihun rigarsa. Abin da aka saya ba kyauta ba ne. Ku yaran yanzu rabin magana kawai kuke riƙewa."

Na miƙe a kan ƙafafuna masu ciwo, na taka zuwa gabansa. Na buɗe tafin hannunsa na sa kwandalar, na naɗe masa yatsu a kanta.

"Na saya, Niyaz. Ba inda za ni."

Ya saki kwalin a hannuna, idonsa ya cika.

"Gulshat... zuciyata..."

"To, ya isa," in ji Inna, tana dire kofuna da ƙarfi. "A gidana kuke. Zauna ka ci abinci, ka rame kamar sandar shara. Ranar Juma'a ka zo mini da manyanka, na gaji da jin ana cewa ɗiyata tana riƙe hannun baƙo a bainar jama'a."

Gasar bana dai ta wuce mu, ƙafata ba ta warke a kan lokaci ba. Muna kan benci muka kalli Regina ta yi rawa da wani likitan haƙori, har na tafa mata, ba da zuciya ɗaya ba.

Bayan ɗaurin aurenmu Arkadi ya ɗumama takalmin ya daidaita mini shi, ya ɗaura masa ƙarfen zamiya a ƙasa yana mitar cewa tun farko ai ya faɗa. Na hau ƙanƙara, na lanƙwasa gwiwa, takalmin ya bi ni.

Niyaz ya kama hannuna muka shiga juyin nan da ya daɗe yana gagarata. Da ya jawo ni jikinsa sai na ji wani ɗan abu mai tauri ya tokare ni a kafaɗa, daga aljihun ƙirjinsa.

"Har nan ka zo da kwandalar?"

"Ba na fita ba ita," ya ce.