Soket ɗin Ɗakin Inna

Shekara goma sha biyu yana ja wa mutane kebul ɗin intanet a gidajensu, sai ga na gidansa ya gagare shi. Abin kunya, wai wanzami ba ya son jarfa.

Mahaifiyarsa shekara biyu ke nan tana kwance, jiki ya shanye, baki ya mutu, ido kaɗai ke motsi. Shi ya sa da suka tare a gidan nan wata shida da suka wuce, ya ɗaura kyamara a ɗakinta, ya jona ta da soket ɗin da ya tarar a bango. Ko yana kan tsani a gidan wani, sai ya zaro waya ya ga Inna tana barcinta, hankalinsa ya kwanta. To kwana uku ke nan, rana na faɗuwa hoton sai ya ɗauke. Ya sauya kebul, ya sauya kyamara, duk a banza.

Ran nan da almuru ya ɗauko testa. Ita testa gida biyu ce: babba a hannun mai gyara, ƙarama a soket ɗin da ake gwadawa. In ba a soka ƙaramar ba, fitilun babbar ba za su taɓa kamawa ba. Ya miƙa wa ƙanwarsa ƙaramar.

"Auta, je ki soka a ɗakin Inna, ki yi min magana."

"To Yaya injiniya, yau dai a yi ta ta ƙare," ta ce tana dariya.

Ya durƙusa a sito, inda duk kebul ɗin gidan suka haɗu, ya jona na ɗakin Inna da babbar testar. Sai ya ji wari, kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙonannen gashi.

"Na sa, Yaya," aka ce daga can ƙarshen baranda.

Fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya. Layi lafiya lau. Yana cikin sosa ƙeya aka dafa kafaɗarsa.

Auta ce, da ƙaramar testar a hannunta.

"Yaya, na tsaya sauke tukunya ne. Wane rami ka ce in sa?"

Ya dubi hannunta. Ya dubi fitilun. Suna nan suna bin juna.

"Wa ke ɗakin Inna?" ya ce a hankali.

"Ba kowa."

Ya fizgi filaya ya datse kebul ɗin. Fitilun ba su mutu ba.

Suka kwasa da gudu zuwa ɗakin Inna. Ƙofar da ko sakata ba ta da ita ta ƙi buɗuwa. Mariƙinta sanyi ƙalau. Daga ciki ana jin ƙas, ƙas, ƙas, ana soka abu a soket ana zarewa. Sai ƙarar ƙafar gado tana gogar siminti.

"Inna!"

"Na sa, Yaya," aka amsa, da muryar Auta, daga bayan ƙofar. Auta kuwa na gefensa, ta ƙanƙame rigarsa.

Ya doki ƙofar da kafaɗa har sau biyar. Bai taɓa jin cewa shi ba kowa ba ne kamar ranar ba: uwarsa na taku uku da shi, ya kasa kai mata hannu.

A na shida ta buɗe da kanta.

Gadon ya bar wurinsa, ya manne da bango. Kebul ɗin kyamara ya naɗe idon sawun Inna, yana janta a hankali zuwa soket. Idanunta a buɗe, suna kansa.

Ya datse, ya saɓe ta, suka fita ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba.

Bayan kwana biyu ya koma da rana tsaka, da maƙwabta uku, ya fasa bangon. Kamu ɗaya daga soket kebul ɗin ya ƙare. A yanke yake, bakinsa ya yi tsatsar shekaru. Bai taɓa isa sito ba.

Ya koma gidan yayarsu inda aka kwantar da Inna, ya durƙusa gaban gadonta, ya roƙe ta ta ƙifta ido sau ɗaya in eh ne, sau biyu in a'a.

"Inna, duk watannin nan ina ganinki a waya kina barci da rana. Kina barcin?"

Ta ƙifta sau biyu.

"In na fita aiki, ke kaɗai ce a ɗakin?"

Ta ƙifta sau biyu, hawaye ya gangara cikin kunnenta.

Tun daga ranar bai ƙara barinta da na'ura ba. In zai fita, sai ya ga mutum zaune kusa da ita, ya kuma taɓa hannun mutumin.